Yadda ɗalibin zango zai ci moriyar laburaren jami'a, daga zaɓen batu zuwa ajiye kundi

Ka zo laburare tun kafin malaminka ya sa hannu a kan batun da ka zaɓa. Wannan ita ce shawarata ta farko ga duk mai shirin furojet ko kundin digiri na biyu, mace ko namiji, kuma ita ce wadda aka fi yin watsi da ita. Na daɗe ina aiki a laburaren wata jami'a a nan Kumasi, kuma da yake a Aboabo aka haife ni, yaran zango sukan nemo teburina da kansu. Sai dai yawancinsu sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada suke zuwa: saura 'yan makonni a miƙa aiki, babi na biyu fayau, malami ya maido da takarda duk jan biro. A wannan lokacin abin da zan iya yi kaɗan ne.

Dalilin da ya sa nake cewa a zo da wuri shi ne, littattafan da kake gani a kan kanta su ne ƙaramin kaso na abin da laburare ke riƙe da shi yanzu. Babban kason yana intanet, an kulle shi da kalmar sirri, kuma jami'arka ta riga ta biya maka kuɗin shiga. Tun 2004 laburarorin jami'o'i da cibiyoyin bincike na Ghana suka haɗa kai a ƙungiyar CARLIGH, suna yin ciniki tare da manyan kamfanonin buga mujallun ilimi, domin babu jami'a ɗaya da za ta iya ɗaukar kuɗin ita kaɗai. Akwai kuma shirin Research4Life da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke ciki, wanda ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa mujallu: Hinari na lafiya tun 2002, AGORA na noma tun 2003, OARE na muhalli tun 2006. Ɗalibi ba ya yin rajistar waɗannan da kansa, ta laburare ake shiga. Don haka ranar farko ka tambayi abu uku: waɗanne rumbunan mujallu muke da su a fannina, yaya zan shiga daga gida, kuma wane ma'aikaci ne ke kula da sashenmu. Ka rubuta sunansa. Mutumin nan zai yi maka amfani fiye da kowace kwamfuta da ke cikin ginin.

Da ka zauna da shi, kada ku fara da mujallun Ingila da Amurka. Ku fara da abin da 'yan'uwanka suka riga suka rubuta a nan gida. KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, tana da taskar kundaye a intanet mai suna KNUSTSpace, Jami'ar Ghana da ke Legon tana da UGSpace, kuma kowa na iya shiga ya sauke kyauta, ko ba ɗalibinsu ba ne.

Wata yarinya ta zo min da batun shara da ambaliya a rafin da ya ratsa Aboabo. Ta ajiye jaka ta ce, "Hajiya, na duba ko'ina, babu wanda ya taɓa rubutu a kansa." Na ce, "'Yata, jawo kujera." Muka buɗe taskar, muka rubuta sunan unguwar kaɗai, ba tare da wata doguwar jimla ba. Kundaye suka jero, daga sashen tsara birane, da na injiniyan ruwa, da na lafiyar al'umma. Fuskarta ta canja, ta ɗauka batunta ya mutu. Na ce ta buɗe kowane ɗaya ta tafi kai tsaye shafukan ƙarshe, inda marubuci ke faɗin abin da bai samu damar yi ba da abin da yake ganin ya kamata a bincika nan gaba. Ta yi ta karantawa tana rubutu a bayan takardar rajistarta. Kafin la'asar ta lura cewa waɗanda ta karanta sun auna ruwa sun zana taswira, amma ba su zauna da matan gidajen haya sun ji yadda suke yi da shara idan mai keken kwasar shara bai zo ba. Ita kuwa tana jin Hausa da Twi, kuma za a bar ta ta shiga har tsakar gida. Nan batunta ya fito, ya fi na farko ƙanƙanta, ya fi shi kaifi.

Wajen nema, gajerun kalmomi sun fi doguwar tambaya aiki. Ka sa kalmomin da kake so su fito a manne a cikin alamar zance, kuma ka gwada duk yadda ake rubuta abu: wani marubucin ya rubuta zongo, wani zango, wani kuma sunan unguwa kawai ya sa, Asawase ko Sabon Zongo. Idan ka dace da maƙala ɗaya mai kyau, ka bi ta gaba da baya. Baya shi ne jerin manazartanta. Gaba shi ne mahaɗin da Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi, ke sawa a ƙarƙashin kowace maƙala, mai nuna waɗanda suka ambace ta daga baya. Kada ka manta da AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka fara a 1998, domin binciken da ya shafi goro, ko kasuwar Kejetia, ko 'yan kayaye, sau da yawa a mujallun gida yake. Abin da ka samu ka sauke shi a makaranta da intanet ɗin jami'a, ka tafi da shi gida, ka huta da sayen data. Idan maƙala a kulle take kuma ba mu da ita, ka faɗa mana mu nemo ta wajen wani laburare, ko ka rubuta wa marubucin wasiƙa gajeriya cikin ladabi. Da yawansu suna turowa, kuma murna suke yi.

Tun daga maƙala ta farko ka sa Zotero a kwamfutarka. Kyauta ce. Tana adana sunan marubuci da shekara da shafi, tana kuma tsara jerin manazarta yadda sashenku ke so. Koyon ta bai wuce zama ɗaya ba, kuma muna koyarwa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a 'yan shekarun nan. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022, ɗalibai ke kawo min jerin manazarta masu kyan gani, da sunan marubuci da na mujalla da lambar shafi, amma idan aka nema babu su a duniya. Manhajar tana harhaɗa kalmomin da suka yi kama da gaskiya ne, ba duba kanta take yi ta ɗauko littafi ba. Ba na hana kowa amfani da ita. Tana taimakawa wajen gano kalmomin nema, da fahimtar sakin layi mai tauri, musamman ga yaron da Turanci ne harshensa na uku. Amma ka fara sanin abin da dokar jami'arka ta ce a kai, kuma kada ka ambaci wani rubutu a kundinka sai ka buɗe shi da idonka. Yawancin maƙalun zamani suna da lambar shaida da ake kira DOI, wadda kullum da 10 take farawa. Ka liƙa ta a shafin doi.org. Idan ta kai ka ga maƙalar, ka duba ko take da marubuci sun yi daidai. Idan ba ta kai ka ko'ina ba, ka kawo mana mu duba tare kafin ka sa ta. A ganina wannan aikin na tantance gaskiya daga ƙarya shi ne zai zama rabin aikin ma'aikacin laburare nan gaba, kuma na fi so ɗalibi ya koye shi a gabana da a ce kwamitin ladabtarwa ne ya koya masa.

Idan bincikenka na tambayar mutane ne, akwai amana a wuyanka. Ghana tana da dokar kare bayanan mutane tun 2012, kuma jami'o'i suna da kwamitocin da ke duba ɗa'ar bincike kafin a fita fili. Ka bi ta kansu. Amma akwai abin da takarda ba za ta faɗa maka ba: a zango kowa ya san kowa. Cire suna kaɗai bai isa ba. Idan ka rubuta cewa wata bazawara mai sayar da koko a bakin masallaci kaza ta ce kaza game da mai gidan hayarta, ka riga ka faɗi sunanta. Ka sauya abin da zai nuna ta. Ka yi wa mutum bayanin abin da za a yi da maganarsa a harshen da yake ji, Hausa ko Twi ko Dagbani, ba ka miƙa masa takardar Turanci ka ce ya dangwala ba. Sunaye su zauna a fayil ɗaya, amsoshi a wani, lamba ce kaɗai za ta haɗa su. Kuma ka ajiye aikinka wuri uku: a kwamfuta, a filash, da kuma a intanet. Mun san halin dumsor, wato ɗaukewar wuta, mun san waya na faɗuwa a motar haya ta trotro. Ka tambayi laburarenku ko suna karɓar ajiyar bayanan bincike, ba kundin kaɗai ba. Masu ba da tallafin bincike da dama yanzu suna neman a faɗa musu tun farko inda za a adana bayanai, kuma wurinmu malamai ke zuwa a tsara wannan.

Maganar haɗin gwiwa kuwa, laburare ne kusan wuri ɗaya tilo a jami'a da ɗalibin injiniya da na harhaɗa magunguna da na zane ke zama ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma ma'aikacin ya san abin da kowa ke nema. Ka faɗa masa kana neman mai iya lissafin ƙididdiga ko mai zana taswira. Sau da yawa zai ce maka wane yana zuwa kowace Laraba. Ka buɗe lambar ORCID ma, kyauta ce, lambobi 16 ne da ke bin ka duk inda ka buga aiki. Mu da muke da Muhammad Abubakar da Amina Ibrahim a kowane layi mun fi kowa buƙatarta, don kada aikinka ya koma na wani mai suna irin naka.

Amma haɗin gwiwar da na fi so ɗalibanmu su kula da shi ba a cikin makaranta yake ba. Yana Suame Magazine, inda kawunnanmu da yayyenmu ke narka ƙarfe, suna gyaran inji, suna ƙera abin da babu shi a kasuwa. Wannan ba sabon tunani ba ne a Kumasi. KNUST ta kafa cibiyarta ta ba da shawara kan fasaha tun 1972, kuma a 1980 cibiyar ta buɗe sashe a cikin Suame ɗin don aiki da masu sana'a. Abin da laburare zai ƙara a wannan tafiya shi ne takardun mallakar ƙirƙira. Duk wanda ya nemi a ba shi mallakar abin da ya ƙirƙira dole ya bayyana yadda yake aiki dalla-dalla, da zane, kuma a ƙa'ida kariyar shekara 20 take yi, bayan nan kowa na iya amfani da fasahar. Ana duba waɗannan takardu kyauta a Espacenet da Google Patents. Idan furojet ɗinka injin niƙa ne, ko na matsar man kaɗanya, ko murhu mai cin gawayi kaɗan, ka nemo tsofaffin zanen, ka buga su a takarda babba, ka kai wa maƙerin da kake aiki da shi. Ka zauna ka fassara masa. Zai kalli zanen ya gaya maka wane sashe ne ba zai jure ƙurarmu ba, wane ƙarfe ne ake samu a nan da araha. Ka rubuta abin da ya faɗa, kuma da izininsa ka sa sunansa a kundin a matsayin wanda ya ba da ilimi. Wasu jami'o'in duniya suna buɗe ɗakunan ƙere-ƙere a cikin laburare, da na'urori masu tsada. Ba na ƙin haka idan an samu kuɗi. Amma mu a Kumasi muna da masu hannun, abin da ya rage shi ne a kai musu takardun.

Sai kuma abin da ke cikin gidajenmu. Kusan duk tsohon gidan malamai a zango yana da adaka ko akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, cike da takardun Larabci da ajami: wasiƙun fatake, waƙoƙin wa'azi, lissafin bashin goro, salsalar malamai. Wannan kayan bincike ne na gaske. Cibiyar Nazarin Afirka da ke Legon, wadda aka kafa a 1961, ta tattara ɗaruruwan irin waɗannan rubuce-rubuce a shekarun 1960, aikin da Ivor Wilks da Alhaji Usman Boyo suka yi fice a cikinsa. A cikinsu akwai ayyukan Imam Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga sannan ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934, ya kuma yi rubutu da Larabci da Hausa. Abin da aka tattara a lokacin bai ƙarar da abin da ke akwatunan ba, gara da danshin damina kuma ba sa jira.

Idan dattijon gidanku ya yarda ka taɓa, ga yadda za ka yi. Ka wanke hannu ka shanya sosai. Ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma a inuwa, inda akwai hasken rana amma ba ta dukan takardar. Ka kwance igiyar gafaka a hankali. Takardun ba a ɗinke suke ba, warwatse suke ɗaya bisa ɗaya, don haka kada ka sauya musu jeri ko da ka ga kamar sun hargitse. Ka duba ƙasan shafi ta hagu: sau da yawa marubuci yakan rubuta kalmar da za ta fara shafi na gaba, ita ce za ta taimaka wa masani ya gane jerin daga baya. Ka riƙe wayarka daidai saman takardar, ba a karkace ba, ka kashe fitilar kyamara, ka ajiye rula a gefe don a san girmanta, ka ɗauki gaba da baya har da gefunan da aka yi ƙananan rubutu. Shafin ƙarshe ka ɗauke shi sau biyu, domin nan ne mai kwafi kan sa sunansa da na malaminsa, wani lokaci har da shekara. Kada ka liƙa salatif a inda ya yage, kada ka kai a rufe da leda mai zafi, kada ka yi rubutu a jiki ko da fensir. Ka tambayi dattijon abin da ya sani: wa ya rubuta, daga ina aka zo da shi, wa ya gada. Ka naɗi muryarsa idan ya amince.

Takardar ta mai ita ce, a gidansa za ta zauna, kuma shi ne zai fara samun kwafin hotunan. Wasu takardun asirin gida ne, laƙani ko maganin da aka gada, kuma idan ya ce wannan ba na idon jama'a ba ne, magana ta ƙare. Waɗanda ya yarda a fitar, ka kawo mana mu yi musu bayani a tsare mu sa a taska, da sharuɗɗan da ya gindaya a rubuce. Idan tarin yana da yawa, akwai shirin ceto takardun da ke cikin haɗari na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004, yana ba da tallafin ɗaukar hoto, asalin takardun kuma suna zama a ƙasarsu. Ma'aikacin laburare da malaminka za su iya taya ka rubuta takardar nema. Don cike giɓin tarihin kuma, ka leƙa taskar tarihi ta Manhyia da ofishin PRAAD, hukumar adana takardun gwamnati, na Kumasi, inda takardun zamanin Turawa suke.

In aiki ya kammala kana son buga maƙala, ka yi hattara da wasiƙun da ke shigowa imel suna yabonka, suna alkawarin bugawa cikin mako ɗaya idan ka tura dala. Mujallar kirki tana tura aikinka ga masana su duba, kuma hakan na ɗaukar watanni. Ka duba sunan mujallar a DOAJ, jerin mujallun da ake karantawa kyauta da aka fara a Jami'ar Lund ta Sweden a 2003, ko a AJOL. Da yawa daga mujallun da ke DOAJ ba sa karɓar ko sisi daga marubuci. Kafin ka tura wa kowa kuɗi, ka nuna mana wasiƙar.

Kundin kansa, ka tabbatar ya shiga taskar jami'a ta intanet, kada ya tsaya a kwafin da aka ɗinke aka jera a ofishin sashe. Ka rubuta tsakure mai faɗin abin da ka gano ƙarara, ka sa sunan unguwa da na gari a cikin kalmomin nema don ƙanenka na baɗi ya same shi. Idan kana shirin buga maƙala ko neman mallakar ƙirƙira, ka nemi a jinkirta buɗe kundin na wani lokaci, ana yin haka. Sannan ka rubuta shafi ɗaya da Hausa, ko da boko ko da ajami, mai bayyana abin da ka tambaya da abin da ka samu da abin da kake ganin a yi. Ka kai wa sarkin zango da limami da ɗan majalisar unguwa, ka karanta shi a saƙon murya na WhatsApp ka tura wa waɗanda suka amsa maka tambayoyi, tunda da yawansu ba za su karanta ba amma za su saurara. Wannan shafin ma ka kawo shi laburare, ka ce a haɗa shi da kundin a matsayin fayil na biyu a ƙarƙashin suna ɗaya.